Ranar da Baƙon Baba Ya Sha Teku

Mahaifina masunci ne tun daga Sudan. An haife shi a gefen wani babban tafki da madatsar ruwa ta tara a kogin Nilu, kuma tun yana saurayi aikinsa shi ne ɗaukar ma'aikatan gwamnati a kwalekwale ya kai su inda giwan ruwa ke kwanciya. Da ya zo aikin Hajji ya zauna a Jidda, sai ya ci gaba da sana'arsa a teku. Ya mallaki ƙaramin jirgi irin wanda ake kira huri, daga baya ya sa masa makina, wato inji. Alhamis da safiyar Juma'a yakan ɗauki 'yan kasuwa da malaman makaranta masu sha'awar fatsa, ya kai su kan duwatsun ƙarƙashin ruwa inda najil yake, jan kifin nan da mutanen Jidda ke rububi. Da wannan jirgin gidanmu yake ci.

Ni a unguwar Nuzla ta Jidda aka haife ni, kuma ruwa bai karɓe ni ba. Da huri ya fara rawa sai cikina ya juya. Baba ya gwada ni har ya gaji, na koma tsaron shagon yadi a Sharafiyya.

Wajen ƙarshen shekarunsa na sittin yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Yana jin ruwa a jikinsa, amma ba ya ganin duwatsun sai ya kusa hawa kansu. Kowa a gidan ya san dole wani ya karɓi jirgin, ba wanda ya iya faɗa. Ana cikin haka, bayan Hajji, wani dogon mutum ya yi sallama a ƙofarmu. Ya ce daga tafkin su Baba yake, ɗan abokin Baba ne na ƙuruciya, kuma shi ma aikin kai mutane fatsa ya gada.

Tun daga sallamar ban yarda da shi ba. Duk wanda ya ambata a matsayin shaida ya rasu: ubansa ya rasu, limamin garin ya rasu, sarkin ruwan ya rasu. Na ce a raina, wannan gari ne ko maƙabarta? Ba shi da iƙama, takardar zama a ƙasa, ba shi da kafili mai tsaya masa. Da ya miƙo hannu muka gaisa na ji tafinsa sumul, babu kanta, babu tsagar igiya ko ɗaya. Ni da nake auna yadi ma na fi shi kaushin hannu.

"Masunci da hannun amarya?" na ce masa.

Ya yi murmushi ya ce shekara uku yana wanke kwanuka a wani gidan abinci kafin ya tara na jirgi, sabulu ya cinye kantar. Amsa ce mai kyau. Abin da ya dame ni ke nan, duk amsoshinsa masu kyau ne.

Baba kuwa ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Kullum bayan la'asar sai na tarar da su suna jera sunayen kifi, tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, Baba yana dariya kamar an kawo masa tsaraba. Na lura Baba ne ke fara faɗin komai, baƙon yana bi da "ƙwarai, Baba, haka yake." A Nuzla babu wanda bai san labaran tafkin nan ba, domin Baba ya ba da su a kowane wurin shan shayi. Mutum zai iya kwashe su a mako guda ya zo ya sayar wa mai su.

Sannan ga tambayoyin baƙon. Makinar ta wace ƙasa ce? Mai nawa take sha zuwa Rabig? A ina ake ɗaure jirgin? Na gaya wa mahaifiyata cewa ran da aka ba mutumin nan huri, sai dai mu ji labarinsa can a garin Yanbu.

"To kai ka karɓa mana," ta ce, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba.

Maganar ta yi mini zafi, na fita.

Wata Alhamis Baba ya ce baƙon zai bi su, ya gani ko hannunsa zai iya. Na roƙi mai shago ya ba ni ranar, na ce ni ma za ni. Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Kai da amai?"

"Zan daure, Baba."

Mutum biyu muka ɗauka, wani ɗan kasuwa Bahijaze da surukinsa malamin lissafi, Bamisire. Baba na riƙe da makina, ni ina gaba ina faɗa masa inda ruwa ya sauya launi, rabin idona kuwa yana kan baƙon. Ya ɗaura ƙugiya da sauri, wannan kam na yarda ya iya. Amma bai san sunan kifi ko ɗaya na teku ba. Da Bamisiren ya jawo wani ƙaramin kifi mai ƙaya, baƙon ya kai hannu zai cafke shi, sai da Bahijazen ya daka masa tsawa, "La, la, da dafi!" Na kalli Baba don ya ji da kunnensa. Baba ya ce kawai, "Ba irin na can ba ne, ɗana, bi a hankali."

Rana ta take, najil bai ci ba. Bahijazen ya fara duba agogo yana cewa yalla, a canja wuri. Ni kuma cikina ya gama juyawa, na jingina da gefen jirgi ina zufa, ina rantsuwa a raina cewa ko zan mutu a nan ba zan rufe ido ba. Jarkar ruwan sha tana ƙarƙashin ƙafata, na rufe ta da jiƙaƙƙen buhu.

Can igiyar Bahijazen ta miƙe. Kifin ya nufi ramin dutse, mutumin ya rikice yana ja da ƙarfi. Baƙon ya matsa ya kama igiyar tare da shi, yana saki yana ja, yana magana da kifin a hankali da Hausa. Sun daɗe a haka. Da najil ɗin ya faɗo cikin jirgi, babba, ja wur, baƙon ya zauna yana haki, igiya ta tsaga masa tafi. Idonsa na kan kifin, yana dariya, ya zura ɗaya hannun ta gefen jirgi, ya ɗebo ruwa ya kai baki ya haɗiye.

Ban taɓa ganin fuska ta lalace haka ba. Ya shaƙe, ya yi ta tari yana tofarwa, hawaye na zuba. Bamisiren ya riƙe ciki, Bahijazen yana cewa, "Ya sheikh, teku kake sha?" Mutumin da ya tsallako wannan tekun a jirgi ya san gishiri ne. Hannunsa ne bai sani ba.

"Me ya faru?" Baba ya tambaya.

"Ruwan ya sha," na ce. "Da hannu ya ɗiba."

Baba bai yi dariya ba. Ya goge fuska da gefen rawaninsa.

"Shekarata ta farko a nan," ya ce, "sau nawa na yi haka." Sai ya matsa gefe, ya laluba ya kamo hannun baƙon, mai jinin, ya ɗora a kan sandar makina. "Halas, shi ke nan. Kai mu gida."

Na miƙa masa jarkar, domin ko maƙiyi ba a hana shi ruwa. Duk hanyar dawowa ina juya abin a raina, ko wani ya taɓa gaya masa labarin, ko shiri ne. Amma ni ɗan gidan ban taɓa jin Baba ya ba da wannan ba, shi da ba ya ɓoye labari. Na nemi ƙarya a ciki har muka hango gari, ban samu ba, kuma rashin samun ya fi ciwon cikin damuna.

Muna dab da gaɓa Baba ya sunkuya wajen baƙon, ya rage murya don kada mutanen da muka ɗauko su ji.

"Ruwan can, har yanzu da zaƙi?"

"Da zaƙi, Baba."

Ina zaune a gabansu, taku biyu tsakaninmu. Ni ban taɓa ɗanɗana shi ba.