Duwatsun da Yaya Bai Gani Ba

Idan zancen tafiyarmu ya taso, mutane sukan ce rufe iyakar Nijar da aka yi ne ya hana mu zuwa. Nakan gyaɗa kai in bar su a haka, don ya fi mini sauƙi. Gaskiyar ita ce, kafin a rufe iyakar komai ya riga ya lalace, kuma ni na lalata shi da bakina.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a nan Daura. Shekara da shekaru ina zana duwatsun duniya a allo, ina faɗa wa ɗalibai tsayinsu kamar ni na auna, alhali ban taɓa sa dutsen da ya fi na Kazaure girma a idona ba. Yayana kuwa, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, dillalin dabbobi ne a kasuwar Mai'aduwa. Bai yi boko ba, amma ya fi ni sanin arewa, saboda Buzayen da ke kawo raƙuma a wurinsa suke sauka. A bakinsu ya ji labarin duwatsun Azbin: wai akwai inda ruwa yake zubowa daga kan dutse a tsakiyar hamada, ga lambunan lemo da dabino a gindinsa. Can gaba kuma, cikin Aljeriya, akwai wasu baƙaƙe masu tsini, idan rana za ta faɗi sai su koma ja. Yakan zo ya ce in duba littafina ko ƙarya suke shara masa. Idan na ce gaskiya ne, sai ya ce to ashe ni da shi duk ji muke yi, in daina yi masa fankama da alli.

Farkon wata kaka na kai shi asibitin ido a Kano, don ya fara tuntuɓe da abin da ke gefensa. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ganin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa jinkiri kawai zai kawo, kuma na Yaya ya riga ya yi nisa. Yaya ya ce lallai yana ji kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure, kullum kafar tana ƙara tsukewa. A hanyar komawa, da muka wuce Ɗambatta, ya juyo wurina.

"Malam," ya ce, don haka yake kirana da tsokana, "ka kai ni in ga duwatsun nan tun ina gani."

Ya kuma sa na yi masa alkawarin ba wanda zai ji zancen idon. Dillalin da aka san ba ya gani sosai, wa zai yarda ya duba masa haƙorin raƙumi? Na yi alkawari.

Allah ya sani na ji daɗin shirin tafiyar, har ina jin kunyar faɗar irin daɗin da na ji. Na shimfiɗa taswira a kan tabarma na bi hanya da jan biro: Kongolam, Matamaye, Damagaram, Tanut, Agadas. A can wani Buzu abokin cinikin Yaya zai shige mana gaba zuwa cikin duwatsu. Daga nan Arlit, mu tsallaka Aljeriya har Tamanrasat. Da na sa Libiya ta zama ƙasa ta uku, sai na soke ta saboda rikicin da ake yi. Muka je Katsina aka yi mana fasfo, aka yi mana allurar shawara, na fara bin hanyar samun biza. Na rubuta abin da za mu ɗauka har shafi biyu. Yaya ya sa na karanta masa, ya ce shi dai bargo da buta da carbi sun ishe shi, sauran in ɗauko a kaina. Muka tsayar da rana, sati uku masu zuwa, kafin sanyi ya kankama.

A majalisarmu ta ƙofar masallaci, bayan la'asar, wani dattijo ya tambaye ni me za mu je yi har Agadas. Kalmar ta zo bakina, kallo, sai na ji nauyinta. Magidanta biyu, da furfura a gemu, za su bar iyali su tafi kallon dutse. A wurinmu mutum yana tafiya ne don fatauci, ko karatu, ko aikin Hajji, ko neman magani, ko sada zumunci. Neman magani kuwa zai tona asirin Yaya. Sai na ce ziyarar dangi za mu je, ai muna da su a Damagaram har gaba. Aka yi ta sa mana albarka. Yaya ya kalle ni.

Na manta cewa ziyara tana da ƙa'idarta. Mai zuwa ziyara ba ya fita sai ya zaga ya yi sallama da manya, kowa ya ba shi saƙo. Kuma ziyara ba ta da gaggawa, tunda dangi ba gudu za su yi ba.

Kawunmu na Zango ya ce wane irin abu ne wannan, ga 'yarsa tana aure a Matamaye, mu jira ya gama cirar gyaɗa ya ba mu ta sabuwar kaka mu kai mata. Ba a yi wa kawu musu a kan sati biyu. Goggonmu ta garin Babban Mutum, ƙanwar mahaifinmu, har kuka ta yi don murna, ta ce rabonta da 'yar'uwarta ta Damagaram tun kafin ta aurar da autarta. Ta ce ba za mu je hannu rabbana ba, sai ta dafa daddawa da kanta. Saƙonni suka fara taruwa a shagon zaurena: ƙullin kuka, barkono, turamen atamfa, man gyaɗa a galan, kowane da sunan mai shi a jikin takarda. Ni kuwa har wani shafi na buɗe na tsara wanda za a sauke a wane gari. Ina ganin kaina mutum mai tsari.

Gyaɗa ta shigo gida, daddawa ta bushe, sai aka sa bikin ɗan kawun. Ya ce ai ba za mu tafi mu bar shi da hidima ba. Bayan biki da kwana kaɗan mijin Goggo ya rasu. Wa zai tashi daga zaman makoki ya ce shi ya tafi ziyara? Muka jira sadakar bakwai, Goggo ta roƙa mu kai arba'in. Sau ɗaya Yaya ya tsare ni a zaure ya ce mu bar kayan nan mu kama hanya da asuba, a yi mana faɗa in mun dawo. Na ce haba Yaya, me mutane za su ce? Na ce saura kaɗan, ai likita bai yanke rana ba. Ina magana ina kallonsa yana laluben takalminsa da ƙafa, na kawar da kai.

Daga nan azumi ya kama. Bayan salla Buzun ya aiko cewa zafi ya shigo, mai hankali ba ya ratsa hamada yanzu, mu bari sai wata kakar. Yaya ya daina zuwa kasuwa, ya ce wa mutane ƙafa ce take damunsa. Ya daina tambayata taswira. Ni ma na daina shiga shagon, don warin daddawar Goggo ya cika shi.

Farkon damina na mayar da shi asibitin. Likita ya haska idon, ya ɗaga yatsu ya ce Yaya ya ƙirga, sannan ya ajiye fitilarsa ya ce mu ci gaba da ɗiga maganin. Muka tashi muka fito.

A hanyar dawowa Yaya ya ce in gaya masa idan mun zo Kazaure. Na gaya masa, ya ce in tsaya, ko waɗannan ne ya gani. Duwatsun da muka wuce sau ba adadi, ba mu taɓa waiwayarsu ba. Na gangara gefen titi na buɗe masa ƙofa. An yi ruwa da safe, duwatsun sun wanku, ciyawa ta fito a tsakaninsu. Yaya ya sauko ya gyara hularsa ya tsaya, ya ɗaga kai, ya daɗe a haka. Gonar gero yake fuskanta. Duwatsun suna bayansa.

Na kama kafaɗarsa zan juya shi. Ya ɗora hannunsa a kan nawa.

"Bar shi, Malam," ya ce. "Duk inda na juya ɗaya ne."

Bayan wata guda aka rufe iyaka. Na ɗora saƙonnin a bayan mota na bi gida-gida ina mayarwa, kowa yana yi mini jaje yana cewa Allah bai nufa ba. Goggo ta karɓi daddawarta ta shinshina, ta ce ba ta lalace ba, in an buɗe hanya sai mu kai, ai ba sauri ake yi ba.