Tayar Gaba da Mangwaron Baba

Ni direban babbar mota ne. A shekarun da farar hula suka dawo mulki, Abuja ko'ina gini ake, ina matashi mai ji da kansa, ina jan motar wani oga ɗan Zariya. Aikina ɗauko kayan marmari daga ƙauyuka in sauke a kasuwar Zuba. Lodi ba ya yankewa a lokacin, ka sauke wannan ana jiranka da wancan, don haka tsayawa gyara a wurina asarar yini ce. Ina da baki kuma, Allah ya yafe mini, duk wanda ya ce in yi hankali sai in tambaye shi ko ya taɓa riƙe sitiyari.

Tayata ta gaba ta ɓangaren fasinja ta suɗe tas, kamar tafin hannu. Maganar gaskiya oga bai hana ni sabuwa ba, ni ne na ƙi ajiye mota in je nema. Sai na yi abin da da yawanmu ke yi: na kai wa wani mai faci, ya sa ƙarfe a wuta ya yanka mata sabon zane, ya goge ta da baƙin mai. Daga nesa ka rantse jiya aka ɓare ta daga leda. Har yaba kaina na yi.

A wannan makon wani dattijo manomi daga wajen Uke ya ba ni lodin mangwaronsa. Kirista ne, muna ce masa Baba, shekara uku ba ya ba kowa kaya sai ni. Mangwaron ya nuna sosai, amfanin gonarsa ne na shekara gaba ɗaya, ko ya isa Zuba a ranar ko ya lalace. Ya so ya hau baya kan kaya, na ce ina, babba kamarsa gidan gaba zai zauna. Muna tafe yana ba ni labarin jikokinsa.

Mun wuce Kubwa kaɗan jami'an duba motoci suka ɗaga mini hannu. Ban ji ko ɗar ba, takarduna cif suke. Wani mai furfura a cikinsu ya duba takardun ya miƙo mini, har na sa giya, sai na ga ya tsuguna a gaban tayar nan. Ya zaro makulli daga aljihu ya karci cikin zanen, sai ga wayar cikin tayar tana ƙyalli. Ya ce in kashe mota. Na sauko ina oga a taimaka, na dunƙule ɗan abin shan ruwa zan cusa masa, ya kalli hannuna ya ce in mayar aljihu tun muna shaida juna. Ya ce a sa safaya, to ita ma ta fi wannan lalacewa. Nan na hau faɗa, na ce mugunta ce kawai, kayan talaka za su ruɓe a rana.

Sai jami'in ya kira Baba, ya nuna masa wayar, ya ce da wannan nauyin da zafin kwalta tayar ba lallai ta kai Zuba ba, kuma kujerar da yake zaune a kai, a kan tayar nan take. Baba ya daɗe yana kallo. Ina jira ya yi kukan mangwaronsa, sai ya juyo ya tambaye ni a hankali, wai lokacin da na ce ya zauna a gaba, na san haka tayar take? Wallahi na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce na sani. Sai ya koma gindin wata bishiya ya zauna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sai bayan la'asar na samo taya daga Zuba, na biya tara aka sake ni. Kusan rabin mangwaron ya yi ruwa, ƙudaje sun rufe motar. Na je har gida na ba Baba haƙuri, ya ce ya ji, bai ce ya yafe ba. Da kakar mangwaro ta zagayo na fid da rai, sai ga saƙonsa. Kafin a ɗora kwando ɗaya, tsohon nan ya zagaye motar, ya tsuguna a gaban kowace taya yana tura yatsa cikin zanenta. Haka ya riƙa yi duk shekara har ƙarfinsa ya ƙare, ni kuma in tsuguna kusa da shi muna dariya, yana ce mini yaro mai wayon banza.

Yau alhamdulillahi motar da nake ja tawa ce, iyalina suna cikin rufin asiri, kuma idan aka ɗaga mini hannu a hanya gabana ba ya faɗuwa. Na daɗe ina ɗaukar masu duba mota a matsayin abokan gaba, alhali wannan mai furfurar ya fi ni tausayin fasinjana. 'Yan'uwana direbobi, zanen mai faci idon jami'i kawai yake iya rufewa, kwalta ba ta san shi ba. Kafin ka ce wa uban wani ya shigo gidan gaba, ka tsuguna ka duba abin da za ka zaunar da shi a kai.