Lambar da na rataya wa ladan

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Idi, ladanin wani ƙauye kusa da Tabla, ya tsaya gaban teburina ba. Yana riƙe da karne, wato ɗan littafin da ake rubuta wa marar lafiya ciwonsa da maganinsa. Lokacin ni ne mai rajista a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kurfai.

Ku sabbin shiga aikin asibiti ba ku ga farkon lambobin nan na ciwo ba. An kai mu horo Yamai, aka ce daga yau kowane ciwo da lambarsa, zazzaɓi da tasa, gudawa da tata. Har mai neman mata ko maza barkatai ba kariya an yanka masa tasa: Z72.5. Mai horon ya ce amfaninta rufin asiri, tunda ba mai gane ta sai ma'aikaci. Muka yi tafi, muka dawo cike da ilimi. Kafin a yi girbi har mai tuyar ƙosai a bakin ƙofa ta san Zed. Mu muka koyar da su, don in mutum ya gifta sai mu ce "ga ɗan Zed nan," wai mu a dole masu sirri.

Ni kuwa gwanin dabara, don kada ƙidayar ƙarshen wata ta wahalar da ni, sai na riƙa rubuta lambar a bangon karne da jan biro. Majo, wato shugaban asibitin, har yaba mini ya yi.

Abin da ba a koya mana a Yamai ba shi ne, a nan karne na gida ne, kamar buta. Wa zai nemi sabo alhali na yayansa na rataye a ƙusa? Ƙanen Malam Idi, magidanci mai iyali, ya dawo daga ci-rani da ciwon sanyi, ya ɗauko karnen wansa ya zo. Sabuwar ma'aikaciya ta duba shi, ta yi tambayoyinta, ta rubuta. Littafin na cewa mai shi ya haura sittin, wanda ke gabanta ko furfura ɗaya babu, amma wa ke da lokacin ɗaga kai? Ni ma takarda na gani, na zabga mata Zed da ja.

Bayan nan Malam ya zo awon jini, ya zauna a layi da karnensa a hannu, bango a waje. Ba a yi sati biyu ba dattawan masallaci suka ce ya hutar da muryarsa haka nan.

Shi ne ya zo gaban teburina ya ce mini, "Ɗana, mi ka rubuta nan da yas sa mutane sunka bar gaishe ni?"

Na gaya masa, kaina a ƙasa. Kunya kamar in nutse. Ya ce ya gane, ƙanensa ne ya ari littafin.

Na garzaya wurin Majo. Ya ce, "Rahoto ya riga ya tahi Tilaberi. Sai mai ciwon ya zo da kainai, a goge wanga suna a sa nashi." Ka ji aiki da tsari.

Na dawo na ce, "Baba, bari in tahi masallacinku in ce kuskurena na."

Ya ce, "In ka ce ba ni na ba, sai su ce to wa? Mu biyu muke maza cikin gidan. Ni na tsuhwa, shi ɗiyanai mata ko aure ba su yi ba. Ba ni sabon littahi kawai."

Na ba shi. A wannan zangon ne aka aiko mana takardar yabo, wai ba asibitin da ya kai mu cika lambobi.

Malam Idi bai ƙara kiran salla ba, a sahun baya ya ƙare kwanansa. Tun daga kansa na daina sa wa mutum lamba sai na ga fuskarsa, kuma na gane mutanen da muke wa kallon jahilai sun fi mu sanin abin da ake kira sirri. Ranar jana'izarsa na ji wani a gefena yana cewa, "Allah shi yahe mai ƙuruciyar tsuhwa." Ƙanen na tsaye kusa da ni. Ni da shi muka ce amin tare da kowa.