Ƙwaryar da ba a wanke ba

Matata ta tafi wankan jego gidan iyayenta a Kaya, ni ina Talata Mafara, a shagona na gyaran kwamfuta. Hanyar Maradun ta lalace a shekarar, 'yan bindiga na tare motoci, ko sunan ɗiyata ban je ba. Na san kukanta a ƙaramar waya, fuskarta ce ban sani ba.

Yayan matata yakan hau wani tudu bayan la'asar, inda sabis ke kamawa, uwar da jaririyar na biye da shi, ya kira ni ta bidiyo. Ba sa daɗewa, wurin ba na tsayawa ba ne. Babbar wayata ta tafi wajen ragon suna, sai tsohuwar kwamfutata da waifai, wato intanet, na maƙwabcina mai buga takardu. Wata rana kwamfutar ta kama waifai, wata rana ta ƙi, kuma ranakun kiran duk suka faɗo a na ƙin.

Ni da na tashi da littattafan soyayya a aljihu, sai na ɗauka jarrabawar masoya ce, wadda daɗi ke biyo bayanta a shafin ƙarshe.

"Kai angon littafi, amshi wayata ka ga ɗiyarka mana," in ji maƙwabcin.

"Ganin farko a wayar aro, yallaɓai? Bari in gyara tawa."

"To, mi ya sha mini kai? Gyara."

Na buɗe rubutun direba, wato umarnin da ke sarrafa waifai ɗin, na bi shi layi-layi har na gano. Direban kan ari ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma ba ya share shi kafin ya yi aiki da shi. Abin da wani aiki ya bari a wurin, shi yake karantawa. In ya tarar da sifili, lafiya lau. In ya tarar da shara, sai ya ɗauka an ce ya kashe kansa. Kakata a Bakura takan ce ƙwaryar da ba a wanke ba ita ke ɓata nono.

Layi guda na ƙara, na ce a share wurin tukuna. Na kashe, na kunna, na sake, ta kama kowane karo. Na yi aski, na sa farar riga, na zauna jiran la'asar.

Kira bai zo ba. Mutanen daji sun sauka kusa da tudun, ba mai hawa. Ana haka zazzaɓi ya kama jaririyar, babu hanyar asibiti. Wani ɗan acaba ne ya tsaya a ƙofar shago, ya yi doguwar gaisuwa, bai kashe babur ba, ya ce in yi haƙuri, Allah ya karɓi abinsa.

Daga baya matata ta ce ɗiyar goshina gare ta. Kwamfutar tana nan a shago, tun ranar waifai ɗinta bai sake yankewa ba.