Kofin da Na Kaɓe a Gonar Inabi

Ni ne da laifi, gara in faɗa tun da fari. A lokacin ni saurayi ne mai zafin kai daga Gummi, karatuna bai wuce allo da 'yar firamare ba, amma ji nake na fi kowa kishin addini. Da noman gero ya gagare mu saboda rashin zaman lafiya a daji, na bi 'yan ci-rani har Allah ya jefa ni ƙasar Girka, wani ƙauye a gindin duwatsu, inda na samu aiki a gonar inabin wani tsoho da matarsa.

Mutanen nan sun riƙe ni da amana. Ɗansu guda ne kuma ya rasu, ɗakinsa suka ba ni. Tsohuwar ta ware mini tukunyata da ta lura ba na cin alade. Shi kuwa tsohon zolaya gare shi, kullum cewa yake ni da jakinsa ba a san wanda ya fi taurin kai ba, amma da ya ga na shimfiɗa buhu tsakanin kunyoyi zan yi salla, sai ya kashe injinsa har in sallame.

Suna da wata barasa da suke kira tsifuro. Bayan an matse inabi, ɓawo da ƙwayar da suka rage ake tarawa su ruɓa, sannan a dafa a babbar tukunyar tagulla, tururin ya bi bututu ya riƙa ɗiga fari tas, ido ba ya bambanta shi da ruwa. A wurinsu ba abin maye kaɗai ba ne. Da shi ake tarbar baƙo, da shi ake sulhu, da shi ake tuna mamaci. Ranar dafa ta kuwa biki ce, maƙwabta su taru da gashin nama da waƙa. Na ce wa tsohon ba zan sa hannu a wannan aiki ba, bai yi musu ba, ya tura ni tsinkar zaitun.

Na dawo da la'asar na tarar tsakar gida cike. A al'adarsu mai gida kan miƙa kofin farko ga wanda ya fi kusa da zuciyarsa, kuma a da ɗansa yake miƙa wa. Sai tsohon ya ratso mutane, ya miƙo mini ɗan ƙaramin kofi. Ban tsaya na sansana ba. Na kaɓe hannunsa, kofin ya tarwatse a kan dutse, na ɗaga murya da guntun yarensu da na iya na ce ƙazanta ce, su da ita duk wuta za su. Waƙa ta tsaya. Tsohon ya durƙusa yana tsince gilasan da kansa.

Da safe ina ɗaure kayana tsohuwar ta shigo, ta gaya mini ruwan rijiya ne a kofin. Mijinta ne ya ɗebo da kansa, don in ɗaga kofi tare da su ba tare da na saɓa wa addinina ba. Kunya ta rufe ni, amma girman kai ya hana ni juyowa. Na fice ko sallama babu.

Da na dawo gida sai na mai da abin labarin jarumta. A majalisa nake ba da shi, ana jinjina mini, ina ɓoye zancen ruwan. Wata rana Inna ta jiyo ni daga zaure. Da na shiga ta tambaye ni, tana tsintar wake ko kallona ba ta yi, yaya mutumin da ke kashe inji don sallata zai ba ni giya? Na kasa yi mata ƙarya. Ta ce in ba don gemun da na tara ba da muciya za ta raba mu, ta kuma tambaye ni a gidan uban wa na koyi kaɓe ruwan da aka tarbe ni da shi.

Har gobe ba zan sha barasa ba, kuma ban yi nadamar gudunta ba. Abin da na gane shi ne, da giyar ce ma a kofin, dafa ƙirji da godiya sun isa in ƙi. 'Yan'uwana masu fita ci-rani, ku riƙe addininku, amma kada ku mai da shi sandar dukan wanda ya ba ku masauki.

Wani mutumin Bukkuyum da ke aiki a yankin ne ya kai wa tsohon waya, muka ga juna ta kiran bidiyo. Ya rame, yana kwance. Ya tambaya ko jakin ne ke magana ko ɗaya mai taurin kan. Na ɗebo ruwa a randar Inna, na ɗaga moɗa ya gani, na kira shi Baba, na ce na karɓi kofinsa yau ko da na makara, ya yafe mini don na zalunce shi. Sannan na shanye.