Sufeto Maharazu, Wanda Ya Cire Mini Igiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 10 ga Maris, 1987, da hantsi, motar tumatir ta ƙwace wa direbanta kusa da Garun Malam, ta bi ta kan Sufeto Maharazu yana bisa babur. Da safiyar ranar muka gaisa a bakin ofis, ya ce in jira shi zai dawo kafin azahar. Gawarsa aka kawo. Har yanzu in na ji ƙarar babur sai na ɗaga kai.

Yallaɓai, ni ne Isiyaku, kofur ɗin 'yan sandan da ka cire wa igiyar muƙami shekara uku da suka wuce. Rikicin rabon ruwa aka tura mu kashewa a wata ƙofar magudanar ruwan noman rani ta wajen Bunkure, ni da abokin aikina Dogo. Wani manomi, Ɗanasabe, ya ɗaga mini murya, na kai masa kulki, hannunsa ya karye ana tsakiyar ban-ruwan alkama. Dogo ya ce mu haɗa baki mu ce fartanya ya ɗaga mana.

Da aka gurfanar da mu gabanka, ba ka yi tsawa ba. Cewa ka yi, "Isiyaku, kafin ka buɗe baki, ka san abin da nake aunawa: girman cutar da aka yi, da ko mutum ya saba, da ko tunzura shi aka yi. Wanda ya fi nauyi kuma, ko zai faɗi gaskiya."

Na ce Ɗanasabe bai ɗaga mana komai ba. Ka duba takarduna, shekara tara ba a taɓa kawo ƙarata ba. Ka rage mini muƙami, ka bar ni da kakina. Dogo kuwa, karo na uku ke nan, ga ƙarya a kai. Ka rubuta a sallame shi, alhali ƙanin matarka ne. Na san abin da wannan ya jawo maka a gida.

Ba ka tsaya nan ba. Ka goya ni a babur har gonar Ɗanasabe na roƙi gafara, ka sa na riƙa yi masa ban-ruwa duk ranar hutuna har ɗaurin ya kama. A wajen jana'izarka na gan shi. Ba Musulmi ba ne, amma a ƙasa ya tako, ya tsaya gefe a rana har aka rufe ka.

Allah Ya jiƙanka, Yallaɓai, Ya haskaka kabarinka, Ya yi maka hisabi mai sauƙi kamar yadda ka sassauta wa wanda ya amsa laifinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Malama Barira da 'ya'yanta, Musbahu da Ruƙayyatu. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Isiyaku Sammani, Kura