Kofin Farko

Duk wanda ya taɓa jiran bas a ƙarƙashin gadar masu tsallake titi ya san Inna Lemo, in ma bai san fuskarta ba ya san muryarta. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, damtsenta na dama ya fi na hagu kauri saboda jan mariƙin injin matsa lemo. Kayan sana'arta ba su da yawa: tebur, injin, wuƙa, mataci, kula ta ƙanƙara, da kwanduna biyu, ɗaya na lemo mai zaƙi, ɗaya na mai ɗan tsami. Tun tana goyon fari take a wurin nan, har gashinta ya yi furfura, 'ya'yan duk sun watse neman na kansu.

Abin da masu saye ba su sani ba shi ne, Inna ba ta shan lemo. Haƙoranta ba sa ɗaukar tsami, kurɓa ɗaya sai ta ji shi har tsakar kai. Mace ta ƙare rayuwarta tana yabon abin da ba ta san ɗanɗanonsa ba! Harshenta yana wurin mijinta, Mai Agogo, wanda ɗan teburinsa na gilashi ke manne da nata. Dogo ne siriri, ba ya son magana, kullum da madubin gyara a ido ɗaya da hantsaki a hannu. Lemo kuwa ba ya zuwa iri ɗaya, na yau daban na gobe daban, dole sai an gauraya kwandunan nan biyu yadda za su daidaita. Don haka kowace safiya matsar farko tasa ce. Za ta miƙa masa kofi ba tare da ta dube shi ba, ya shanye, ya lumshe idon da ba madubi, sannan ya yanke hukunci: "Ya yi," ko kuwa, "Ƙara biyu masu zaƙi." Kafin ya yi magana, ko ɗan sarki ne ya zo sai ya jira. Sun sha kwana da faɗa, su fito ba mai gaida wani, amma kofin nan bai taɓa fashi ba.

Wata rana likitan da ke shirin lafiya a rediyo ya yi bayani a kan lemo. Ya ce akwai wasu sinadarai a cikinsa da ake kira filabonoyid, sun fi yawa a farin nan da ke tsakanin ɓawo da tsoka, kuma suna iya taimaka wa hanyoyin jini. Inna ta ƙure rediyo har mai sayar da jarida ya yi ƙorafi. Sunan bai taɓa zama a bakinta ba, sai dai ta ce "sinadarin farin ɓawo", amma daga ranar ta daina zubar da farin, ta riƙa matse shi tare. "Yana iya taimakawa" da likita ya ce, kafin ya fito daga bakin Inna ya koma "yana wanke jini tas". Ba kuma yaudara take yi ba. Har zuciyarta ta yarda cewa lafiya take zuba wa mutane a kofi, kuma ta ji daɗin hakan ƙwarai, don a karon farko wani mai ilimi ya ce aikinta yana da daraja.

Mai Agogo ya daɗe da hawan jini. Shi kaɗai yake zuwa asibiti, wai kada ta rufe rumfa a banza. A shekarar da nake ba ku labari, sai ta lura ya take bayan takalminsa, ƙafa ta ƙi shiga. Da safe fuskarsa a kumbure, abinci sai ya jujjuya cokali ya ture. Tsoro ya shige ta, irin wanda ba a faɗa wa kowa. Tana cikin yanka lemo sai ta tsinci kanta tana kallon idon sawunsa.

"Malam, me suka ce maka a asibitin?"

"Sun ce in rage gishiri."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan," ya ce, idonsa na cikin agogon wani.

Ta janye gishiri daga tukunya, ta kuma yi abin da ta fi iyawa. Ƙaramin kofi ya koma babban kofi. Aka ƙara na hantsi, aka ƙara na la'asar, aka cika fulas na tafiya gida. Duk ranar da kumburin ya ƙaru, lemon ma sai ya ƙaru. Ta ga yana daɗewa yana kallon kofin kafin ya kai baki, ta ɗauka rashin cin abincin ne. Sau ɗaya ya ce, "Innar yara, bar na yanzu, cikina a cike yake."

Ai kuwa ta hau shi. "So kake ka kwanta ka bar ni da wa? Mutanen gari na biya su sha, kai ana ba ka kyauta kana yanga! Shanye, don Allah."

Ya dube ta, ya ga idonta ya kawo ruwa, ya shanye.

Ranar da abin ya faru, hantsi ne, wurin jiran bas a cike. Ta ji ƙarar hantsaki a ƙasa. Mutumin da bai taɓa yar da ko ƙusar agogo ba! Ta waiga, ta gan shi yana kallon yatsunsa kamar na aro.

"Tururuwa nake ji a hannuna," ya ce, "har leɓena."

Ya dafa tebur zai miƙe, ƙafafu suka ƙi. Ya sulale a hankali, madubin ya faɗo daga idonsa ya gangara ƙarƙashin kwando. Inna ta kurma ihun da ya tsayar da masu tsallake gada. Wani direban tasi da ke shan lemonta kullum ya ajiye kofinsa, aka kinkimi Mai Agogo aka sa a kujerar baya. Ta bar injin, ta bar wuƙa, ta bar rumfar a buɗe. Abu ɗaya hannunta ya ɗauko, fulas.

A mota ta ɗora kansa a cinyarta. Gumi mai sanyi ya jiƙa masa wuya. Ta kara kunne a ƙirjinsa, ta ji zuciyar tana bugawa, ta tsaya, ta daɗe, sannan ta sake bugawa, kamar agogon bango da batirinsa ya kusa ƙarewa. Duk tsayawar sai numfashin Inna ya tsaya tare da ita. Ta buɗe fulas ta kai bakinsa. Ya kau da kai.

"Sha, Malam. Don girman Allah ka sha, ko kaɗan ne, zai ba ka ƙarfi."

Ya sake kau da kai. Ta fashe da kuka, tana roƙo, tana kiran sunayen 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya buɗe baki ya kurɓa, ya ƙara kurɓa, sauran ya zubo ta gefen gemunsa.

A sashen gaggawa aka ɗora shi a gado mai taya, aka liƙa masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Bayan ɗan lokaci wata likita ta fito, yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar autar Inna ba, ta same ta tsaye a bakin labule rungume da fulas.

"Mama, ke ce matarsa? Me yake ci kwanakin nan?"

"Ba ya cin komai, 'yata. Lemo ne ke riƙe da shi." Duk da tsoron da take ciki, sai da ɗan alfahari ya shiga muryarta. "Ni nake matsa masa da hannuna, ba ruwa ba sukari, har da farin ɓawon. Safe, rana, yamma, ban taɓa bari ya yanke ba."

Likitar ta dubi fulas ɗin, ta dubi Inna.

"Mama, bai gaya miki an hana shi lemo ba?"

"An hana shi me?"

"Ƙodarsa ta daɗe da raunana, an kuma yi masa bayani tun tuni. Akwai wani sinadari a lemo, fotasiyam. Mai lafiyar ƙoda in ya sha, jiki ya ɗauki na ɗauka, sauran ya fita a fitsari. Shi tasa ba ta iya fitarwa, taruwa yake yi a jini, in ya yi yawa kuma zuciya yake taɓawa."

"Amma likita ne ya faɗa a rediyo, da kunnena na ji, ya ce yana gyara hanyar jini."

"Bai yi ƙarya ba, Mama, lemo abu ne mai kyau ga mai lafiyar ƙoda. Ba da irin Baba yake ba. Yaushe ya sha na ƙarshe?"

Da ƙyar Inna ta ce, "A mota. Yanzu."

Likitar ta juya da sauri ta shige, tana kiran nas. Aka ja labule.

Inna ta zauna a bencin baranda. Ta rasa inda za ta ajiye fulas ɗin. A ƙasa, tana tsoron wani ya ɗauka ya ba marar lafiyarsa. A cinya, ji take kamar wuta. Ta je famfo ta tuttular da lemon, ta wanke hannu da sabulu har ya yi ja, ta kai hanci, ƙamshin ɓawon lemo na nan daram, ya shige fata tun shekaru. Ta ciro waya za ta kira babban ɗanta, ta mayar. Ta ce masa me? Cewa ubansa ya kau da kai har sau biyu ita kuma ta yi ta kuka sai da ya buɗe baki? Tsoro ne tsantsa ya rufe ta, tsoron ya mutu, da wanda ya fi shi muni, tsoron ya mutu da kurɓar nan tata a cikinsa. Duk nas ɗin da ta fito sai Inna ta miƙe, in ta wuce ba ta dube ta ba sai ta koma ta zauna. Aka turo wani gado an lulluɓe mai shi har kai, ta bi ƙafafun da kallo, ta ga ba su kumbura ba, ta yi hamdala, sannan ta ji kunyar hamdalar.

Sai bayan la'asar likitar ta dawo. An yi masa allurai, an haɗa shi da injin wankin ƙoda, bugun zuciyar ya daidaita. Ta ce, "Ya tsallake na yau, Mama." Kalmar "na yau" ita ce ta zauna wa Inna a ƙirji.

Ta same shi kwance, ya ƙanƙance a gadon, jininsa na bin roba yana shiga inji yana dawowa. Ta yi niyyar lallashi, amma da ta buɗe baki faɗa ne ya fito.

"Gishiri ko? Gishiri kawai suka ce ko, Malam? Ashe kana sane kake karɓa! Da ka tafi fa? Ka bar ni in zama matar da ta kashe mijinta da hannunta?"

Ya amsa, muryar can ƙasa. "Na so in faɗa. Sai in ce bari gobe."

"Goben me?"

"To in na faɗa, wa zai ɗanɗana miki?" Ya lumshe ido. "Kuma kin tsorata, Innar yara. In na sha sai in ga hankalinki ya kwanta. Na ce ɗan wannan ba zai yi komai ba."

Ta so ta ce masa wawa, tsohon banza, amma ba a faɗa wa miji haka, balle wanda ke jone da inji. Ta kama yatsunsa ta riƙe, tana kuka ba sauti.

Da aka sallame shi, rayuwa ta koma zuwa wankin ƙoda a kai a kai, ko ruwa sai an auna masa. Rumfar ta daɗe a rufe. Ranar da suka buɗe, Inna ba ta ɗaga murya ta kira kowa ba, ba ta kuma ambaci sinadarin farin ɓawo ba. Wani dattijo ya zo saye, ta leƙa ta ga ƙafarsa a kumbure, ta ce sai ya fara tambayar likitansa. Ya tafi yana mita, wai yanzu mai lemo ma ta zama asibiti.

Amma kafin zuwan dattijon, da sassafe, ta yanka, ta gauraya, ta ja mariƙi, kofin farko ya cika. Hannunta ya tafi dama da kansa, ba ta duba ba, kamar kullum. Sai ta ji yatsunsa sun taɓa kofin. Shi ma hannunsa ne ya zo da kansa. Ta fizge da ƙarfi har lemon ya fantsama a gilashin agoguna. Suka tsaya suna kallon juna.

Ta kai kofin bakinta ta kurɓa. Tsamin ya soki haƙoranta ya haye tsakar kai, idonta ya kawo ruwa. Ba ta san ko ya yi ko bai yi ba, ba ta da abin da za ta gwada shi da shi. Mai Agogo ya ɗage madubi daga idonsa, ya ƙare wa yamutsattsiyar fuskarta kallo.

"Ƙara biyu masu zaƙi," ya ce.

Ta ƙara. Sannan ta jawo injin ta juya shi yadda za ta riƙa ganin ƙirjin mijinta tana aiki, ta kwashe kofunan duka ta mayar da su ƙarshen tebur na hagu, inda hannunsa ba zai kai ba.